Muryar Yaya a Sabuwar Komfuta

Litinin, da hantsi

Ya wanke ta. Haka ya faɗa min, yana washe baki kamar wanda ya yi abin a yaba masa: "Hajiya, na wanke miki ita tas, yanzu gudu take kamar sabuwa."

Komfutar da nake haɗa waƙa da ita tun kafin ya fara tsirar gemu. Tafiyar ƙarshen mako kawai na yi, na dawo na tarar da wata baƙar komfuta mai sheƙi a kan teburina a sitidiyo, tawa kuma ba ta nan. Ashe Anti, matar Yaya, ce ta sayo sabuwa don ta faranta mana rai. Ta ɗauki tsohuwar ta kai wa mai gyaran nan na bakin titi, ta ce ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a sabuwar. Ya kwashe waƙoƙi da hotuna, ya ga wai tsohuwar tana nauyi, sai ya goge komai nata.

Na ce masa, "Manhajojin aikina fa?"

Ya ce, "Ai waɗannan saukewa ake yi, Hajiya, ba wani abu ba ne."

Na ce, "Lasisinsu fa, ka cire kafin ka goge?"

Ya ce, "Lasisi kuma? Irin na mota?"

Na ɗauki komfutata na fito, don in na ƙara tsayuwa a shagon nan sai an kira 'yan sanda.

Litinin, bayan la'asar

Har da hoton fure mai gyaran ya sa min a fuskar komfutar. Allah ya isa.

Talata, ƙarfe goma na safe

Anti ta zo karɓar godiya. Na ce na gode, ina kallon bango.

Ta ce, "Auta, wai mene ne fulogin ɗin nan da kike ta kumbura a kansa? Na ga waƙoƙin duk suna nan."

Na ce, "Anti, babbar manhajar kamar kicin take. Fulogin su ne tukwane da wuƙaƙe da ludayi, kowanne da aikin da yake wa murya ko kiɗa. Kin gina min sabon kicin, kin sa an zubar da kayan girkina a bola."

Ta ce ita dai alheri ta nufa, tsohuwar tana ƙara kamar injin niƙa, tana mutuwa ana tsakiyar aiki. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi. Ni ma na san canji ya zo. Amma akwai yadda ake yi. Sai an bi kowane fulogin an sallame shi daga tsohuwar, an kwafe saitinsa, sannan a tashi. Tambaya ɗaya da ta yi min a waya da duk wannan bai faru ba.

Ta yi kamar za ta ƙara wata magana. Na sa hedifon a kunne har ta gaji ta fita.

Laraba, da azahar

Tun safe nake saukewa ina sakawa. Kowane kamfani kallon ɓarauniya yake min. Wannan ya ce lasisina yana kan wata komfuta, in je can in cire shi. Can ina? Wancan ya aika lambar sirri zuwa layin wayar da na yar tun tuni. Wani ya ce in rubuto koke, za su amsa nan ba da jimawa ba. Na buɗe waƙarmu ta ƙarshe, saƙonni suka yi ta faɗowa, babu wannan, babu wancan, babu, babu. Na yi ta dannawa har yatsana ya sage.

Wasu sun dawo. Mai share hayaniya ya dawo, mai amsa-kuwwa ya dawo. Tela bai dawo ba.

Alhamis, da safe

Bari in rubuta maganar Tela a nan, tunda ba wanda zan zauna in gaya wa.

Ni na laƙaba masa sunan. Wani tsohon fulogin ne na gyaran murya. In mawaƙi ya zame daga sauti, sai ya mayar da shi kan hanya nan take, tun kafin muryar ta isa hedifon ɗinsa. Tun bayan rashin lafiyar bara, da Yaya ya fito daga asibiti, muryarsa ba ta tsayawa inda ya ajiye ta. Tana rawa, tana zamewa, in ya ja ta sama sai ta tsage. Na zauna da Tela na yi ta ɗinki, yau a rage nan, gobe a ƙara can, har ya zama in Yaya ya shiga ɗakin ɗauka ya sa hedifon, muryarsa ta da can yake ji. Dandali likita ya hana shi hawa. A gida kuwa bai taɓa waƙa ba, ya ce waƙa aiki ce, a wurin aiki ake yinta. Don haka bai sani ba. Ba na kuma jin kunyar abin da na yi, aikina ke nan.

Kamfanin da ya yi Tela ya rufe, shafinsu yanzu tallan takalma ake yi a kai. Ina da tsohon fayil ɗinsa a filashi. Sabuwar komfuta ta ce ba ta san irinsa ba. Na gwada a tsohuwar da aka wanke, ya shiga lafiya, sannan ya ce sai ya gaisa da kamfaninsa kafin ya yi aiki. Kamfanin da ya mutu.

In Yaya ya ji kansa babu Tela, ya gama waƙa har abada. Na san halin yayana.

Juma'a, bayan la'asar

Yaya ya zo ganin sabuwar komfuta. Ya shafa ta, ya ce, "Auta, mun shiga zamani!" da ƙarfi kamar ina can ƙetaren titi. Gidan rediyon da ya fara sa waƙoƙinsa sun nemi ya ba su sabuwa don wani shiri nasu, ya kuma riga ya amsa. Ya ce Asabar, ba ta gobe ba, ba mai bi mata ba, ta gaba, zai shigo ya ɗauka. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba.

Na ce, "Yaya, komfutar ba ta gama zama ba."

Ya ce, "Ke ce fa. Me ya taɓa gagarar ki?"

Da zai fita na bi bayansa ina cewa ko za a ɗaga ranar. Ko waiwaye bai yi ba. Na tabbata Anti ta kai ƙarata, shi ya sa yake min kunnen uwar shegu. Su biyun duk sun ishe ni.

Lahadi, da hantsi

Ban je ko'ina ba. Na zagi komfuta, ta ce in sabunta ta.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Dogo mai fiyano ya zo da filashi a aljihu, yana rage murya kamar mai sayar da kayan sata, don kuwa kayan satan ne. Ya ce a ciki akwai Tela wanda aka fasa, ba ya neman lasisi. Na san bai kamata ba. Na saka.

Kan ka ce kwabo tagogi suka yi ta buɗewa, wannan da rubutun da ban san harshensa ba, wancan da hoton mace tana min murmushi. Na fizge filashin na jefa masa a ƙirji. Sauran yinin a share ƙazantarsa ya tafi.

Dogo ya daɗe yana wa Yaya kiɗa, yana jin muryar a ɗakin ɗauka kafin ta bi ta hannuna, don haka ba abin da zan ɓoye masa. Yana tsaye bakin ƙofa ya ce, "Auta, ki gaya masa gaskiya mana. Babba ne fa, ba yaro ba."

Na ce, "Kai ka gaya masa."

Ya ce, "Ni? Rufa min asiri."

Na ce to ya rufe min ƙofa ta waje. Kowa gwanin ba da shawara ne in ba shi zai kalli idon mutumin ba.

Laraba, da azahar

Na koma wurin mai gyara, don an ce wani lokaci ana iya tono abin da aka goge. Ko Tela bai tashi ba, in na samu saitin da na yi masa zan san inda zan kama. Ya haɗa wayoyi, ya sa wata manhaja, ya ce in zauna. Na zauna kan benci tsakanin matattun firinta ina shaƙar hayaƙin dalma. Abin da ya tono: hotunan da na goge da kaina, takardar neman aikin wata ƙawata, da rabin wata waƙa da ban taɓa so ba.

Ya ce, "Hajiya, Allah bai nufa ba."

Na ce, "Kar ka sa Allah a ciki. Da hannunka ka danna."

Masu jira suka juyo suna kallona. Wani dattijo ya ce in yi haƙuri, ba kyau mace ta ɗaga murya a titi. Na yi masa tas shi ma. Na dawo, ban ma san na bar cajar a shagon ba.

Alhamis, da yamma

Anti ta kira. Ta ce, "Auta, akwai maganar da nake so mu yi kan Yayanki."

Na ce, "Anti, in ba Tela za ki dawo min da shi ba, ki bar ni in yi aiki."

Ta ce, "Wane tela?"

Na kashe wayar.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya

Na sauke wasu sababbin fulogin na gyaran murya, na gwaji. Ɗaya yana aiki na ɗan lokaci sai ya watso wani shuuu a tsakiyar baiti, don ya tuna maka ba ka saya ba. Ɗaya kuma ya mayar da Yaya mutum-mutumi mai magana ta hanci, irin muryar da yaran yanzu suke so. Yaya da ya ji wannan sai ya fasa sifika.

Don in gwada su dole na buɗe ɗaukar da muka yi ta ƙarshe, muryar tsirararta, ba komai a kanta. Na daɗe ban saurare ta haka ba, kullum da Tela a kai nake ji. Ta fi yadda nake tsammani lalacewa. Akwai wurin da ya nemi sauti ya rasa, ya yi ta lalube kamar mai neman makunnin fitila a baƙon ɗaki.

Na yi kuka. Sannan na ji haushin kukan.

Asabar, da la'asar

Yaya fa daga tsakar gida yake jin an yi kuskure a sitidiyo. Ina yarinya ina kallo zai leƙo ya ce wa mai jita, "Igiyarka ta uku ta saki," a duba a ga haka ne. Ya sallami masu amshi ba adadi saboda zamewar da ba wanda ya ji sai shi. Shi ya zaunar da ni gaban na'ura lokacin da dangi ke cewa wannan ba aikin mace ba ne, ya kuma yi ta dungure min kai har kunnena ya buɗe. "Kar ki kalli allo, Auta, ki saurara."

Mutumin da bai taɓa yafe wa kowa zamewa ba, ta yaya zai yafe wa kansa?

Lahadi, da safe

Babu, babu, babu. Har a mafarki saƙon nan nake gani.

Talata, da azahar

Na daina neman fulogin ɗaya da zai maye gurbin Tela, babu shi. Na sayi guda uku na jera su. Na farko ya riƙe rawar muryar, na biyu ya mayar da ita kan sauti a hankali ba da fizga ba, na uku ya rufe tsagewar sama. Ina sa tsohuwar waƙa da aka gama in saurara, in sa tsirarar murya ta bi ta cikinsu in saurara, in murɗa kaɗan, in sake. Abin da na yi cikin watanni ina nishaɗi yanzu nake yi cikin kwanaki ina zagi. Kunnuwana sun yi zafi, hedifon ya yi min shaida a kai.

Komfutar kam tana da sauri, ba zan yi mata ƙarya ba. Shiru take aiki, ko fankarta ba a ji. Wannan shirun ma haushi yake ba ni.

Laraba, da hantsi

Na kira Yaya in tambaye shi sautin da zai ɗauki waƙar a kai. Bai ɗaga ba, sai ga saƙo: "Rubuto." Yanzu haka yake yi wa kowa, wai shi babban mutum, ba ya amsa waya. Na rubuta. Ya amsa da sautin da yake ɗauka tun yana saurayi, can sama. Ko tausayina ba ya ji.

Alhamis, bayan la'asar

Na samu. Ba Tela ba ne, amma ɗan'uwansa ne na jini. Na kira Dogo na sa masa tsohuwa da sabuwa ba tare da na gaya masa wacce ce wacce ba, ya kasa rabewa. Ya ce, "Ke mayya ce." Na ce ya je ya gaya wa mai gyara.

Na ci abinci yau har da ƙari. Ban huce da kowa ba, amma na ci.

Juma'a, da yamma

Na share ɗakin ɗauka, na goge gilashin da ke tsakaninmu, na rataye masa hedifon ɗinsa a inda yake so. Gobe.

Asabar, bayan la'asar

Ya zo da farar riga, ya sha turare kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Ya shiga ɗakin ɗauka, ya sa hedifon, ya tsaya gaban makirufo yana kallona ta gilashi. Na danna maɓallin magana na ce, "Yaya, kana ji na?" Ya ɗaga babban yatsa. Na saki kiɗa.

Ya shiga waƙar a makare. Na tsayar, na sake, ya shiga da wuri. Na ce a raina shi ke nan, jerin fulogin ɗina yana jinkirta sauti a kunnensa. Na fara kaɗa kai ina buga tebur da hannu yadda na saba in waƙa ta ɗauke ni, sai ya kama, ya bi. Idonsa bai bar hannuna ba har ƙarshe. A kunnena kuwa muryar tana fitowa sumul, ta hau sama ba ta tsage ba. Yayana na da can. Na ji kamar in buɗe taga in kira duk wanda ya ɓata min rai a makonnin nan ya zo ya ji.

Na ce, "Saurara," na nuna kunnena, na sa masa daga farko. Ya tsaya yana gyaɗa kai. In na yi murmushi ya yi, in na lumshe ido a wurin hawan nan ya ɗaga hannu sama. Da ta ƙare ya fito ya ce, "Auta, wannan sabuwar ta fi tsohuwar fito da murya nesa ba kusa ba. Ki nemi gafarar Antinki."

Ya zauna a ɗakin waje yana shan ruwa. Na shiga ɗakin ɗauka in tattara kaya, waƙar tana ta maimaita kanta a komfuta. Na lura yau bai ce in ƙara masa ƙarfin hedifon ba, shi da kullum sai mun yi faɗa a kan haka. Na ɗauka na sa a kunnena in ji yadda na bar shi.

Babu komai.

Na murɗa ƙarfin har ƙarshe. Na zare waya na mayar. Na koma teburina na duba allo. A tsohuwar komfuta akwai hanyar da na buɗe tun shekaru wadda ke kai sauti ɗakin ɗauka, na ma manta da akwai ta. A sabuwar ban taɓa buɗe ta ba. Duk makonnin nan da hedifon na tebur nake gwaji, ko sau ɗaya ban sa nasa ba. Ba kiɗa, ba muryarsa, ba maganata. Tun da ya shiga har ya fito, ko ƙwayar sauti ba ta isa kunnensa ba.

Kuma bai ce komai ba. Yaya, da zai tayar da gidan nan in sauti ya ragu da ƙiris. Ya sa hedifon ya ji shiru, ya ɗauka shirun daga kunnensa ne, ya ɗaga min babban yatsa.

Na fito. Ya ba ni baya, ya sunkuya yana ɗaure takalmi. Wani irin haushi ya turnuƙe ni wanda ban san a kan wa zan sauke shi ba. Ina tsaye bayansa, tazarar da in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa, na ce da ƙarfi, "Yaya, muryarka ta tafi tun bara. Ni nake ɗinke ta. Duk abin da kake ji ni na yi."

Ya gama ɗaure ƙafa ɗaya, ya koma ɗayar. Ya miƙe, ya juyo, ya ga ina tsaye, ya zuba wa bakina ido.

Ya ce, "Ta yi ko?"

Na ce, a hankali yadda zai gani, "Ta yi, Yaya."

Lahadi, da hantsi

Dannawa ɗaya ta buɗe hanyar hedifon ɗin. Yanzu yana aiki lafiya lau. Ban san wa na gyara wa ba.